Darasi na Goma Sha Biyu: Hanyar Jirgin Ƙasa da Ta Koma Hanyar Ƙafa

Karatu

A arewacin birnin Greensboro, cikin Jihar Karolina ta Arewa a ƙasar Amurka, akwai wata siririyar hanya mai tsawon fiye da mil 7, wadda masu tafiya a ƙasa da masu keke kaɗai ke bi. Duk wanda ya lura zai ga ba ta da hawa ko gangara mai tsanani, kuma ba ta yin kwana farat ɗaya. Dalili kuwa shi ne, asalinta hanyar jirgin ƙasa ce, shi kuwa jirgi ba ya son tudu, ba ya son lanƙwasa. Sunanta na yau, A&Y Greenway, gado ne daga kamfanin Atlantic and Yadkin, wanda jiragensa suka yi shekaru suna bin ta.

Tarihin wannan hanya ya faro ne daga garin Fayetteville, wanda ke bakin kogin Cape Fear. A shekarar 1852 majalisar jihar ta ba da izinin kafa wani kamfani mai suna Western Railroad, domin ya shimfiɗa dogo daga garin zuwa mahaƙar kwal da ke wani wuri da ake kira Egypt, wato Masar, wanda yanzu ake ce wa Cumnock. Tsawon hanyar bai wuce mil 43 ba. A lokacin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, kwal ɗin da ake ɗaukowa ta nan ya yi wa sojojin Kudu amfani ƙwarai.

Bayan yaƙi sai buri ya ƙaru. A 1879 aka sake wa kamfanin suna, ya zama Cape Fear and Yadkin Valley. Manufarsa ita ce ya haɗa duwatsun arewa maso yammacin jihar da Wilmington, tashar jiragen ruwa da ke kusa da Tekun Atlantika. A wancan zamani yawancin hajar da jihar ke samarwa ta tashoshin maƙwabtanta take fita, wato Virginia da Karolina ta Kudu, can kuma ribar take zama. Saboda haka attajiran jihar, ƙarƙashin jagorancin Julius A. Gray, mutumin Greensboro, suka ƙudurta cewa arzikin gida ta ƙofar gida zai fita. Dogo ya iso Greensboro a 1884, ya kai Mount Airy a 1888, sannan a 1890 ya isa yankin Wilmington. Daga wannan ƙarshe zuwa wancan, tsawonsa ya kusa mil 250.

Ba da gumin ma'aikata masu albashi kaɗai aka yi wannan aiki ba. Gwamnatin jihar ta ba kamfanin fursunoni suka yi haƙa da fasa dutse, kuma a wannan zamani mafi yawan fursunonin da ake turawa aikin dogo a jihar baƙar fata ne.

Hanyar ta raya garuruwa. Siler City da Liberty da Stokesdale da Pilot Mountain duk sun bunƙasa ne a gefen tashoshinta. A Mount Airy akwai wani makeken falalen dutse wanda a da manoma ke ganin ba shi da amfani, tun da ba ya nomuwa. Da jirgi ya iso, sai aka buɗe mahaƙa a wurin a 1889, aka riƙa yanka dutsen ana kai shi manyan birane domin gine-gine. Greensboro kuwa, wadda wata hanyar dogon ta riga ta ratsa tun 1856, ta zama mahaɗar jirage, har aka yi mata laƙabi da sunan birnin da ke ƙofa.

Amma da bashi aka gina hanyar. Da tattalin arzikin Amurka ya karye a 1893, kamfanin ya kasa biyan masu binsa, kuma a 1894 kotu ta ɗora masa mai kula. Daga bisani aka yi gwanjon hanyar, aka raɗa mata sabon suna, Atlantic and Yadkin. A 1899 manyan kamfanoni biyu suka raba ta a garin Sanford. Atlantic Coast Line ya riƙe ɓangaren kudu, daga Sanford zuwa Wilmington. Southern Railway ya ɗauki ɓangaren arewa, mil 130 daga Sanford zuwa Mount Airy, shi ne kuma ya ci gaba da amsa sabon sunan.

Wannan rabo shi ya kashe manufar hanyar. Kowane ɗaya daga cikin kamfanonin nan biyu yana da babbar hanyarsa da ta miƙe daga kudu zuwa arewa, ba shi kuma da wata riba in kaya sun bi ta Wilmington. Hanyar da aka gina domin ta zama kogi sai ta koma ƙananan rafuka biyu masu zuba ruwa a kogin wasu. Mutanen jihar sun ji zafin abin, an kuma daɗe ana shari'a a kansa har cikin shekarun 1920, amma ba a sake haɗa hanyar ba. Hausawa na cewa: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar 1 ga Janairu, 1950, Southern Railway ya haɗiye Atlantic and Yadkin baki ɗaya, sunan ya ɓace daga jikin taragai. A 1982 shi ma Southern ya haɗu da wani kamfani suka zama Norfolk Southern. Kafin nan motocin ɗaukar kaya da manyan tituna sun riga sun ƙwace cinikin ƙananan tashoshi. Sannu a hankali aka daina bin yankin da ke tsakanin Greensboro da Rural Hall, aka tsige ƙarafan dogo kashi-kashi.

Me ya rage a yau? Na farko, ita hanyar ƙafar da aka ambata. Tana ratsa filin yaƙin Guilford Courthouse, inda sojojin Janar Nathanael Greene suka gwabza da na Ingila ranar 15 ga Maris, 1781. Daga sunan janar ɗin ne aka samo sunan birnin. Tana kuma tsallake tafkin Brandt a daidai inda jirgi ke tsallakewa a da. Na biyu, tsofaffin tashoshi, kamar ta Rural Hall wadda aka gina a 1913. Na uku, wani reshe da ya nufi masaƙun Ramseur, wanda shi ma wani yankinsa ya zama hanyar ƙafa a bakin kogin Deep. Daga Rural Hall zuwa Mount Airy kuwa dogon bai mutu ba: a 1989 wani ƙaramin kamfani, Yadkin Valley Railroad, ya karɓi jigilar kaya a kansa.

Ƙasar Hausa ma ta ga irin wannan. Bayan dogo ya isa Kano a 1911, Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa wata siririyar hanya daga Zariya zuwa Jos da Bukuru, tsakanin 1912 da 1914, domin kwasar kuza. Da aka kawo hanya mai faɗi zuwa Jos ta Kafanchan a 1927, sai ta Zariya ta fara rasa kaya, aka kuma rufe ta a 1957. A Zariya da Greensboro darasin ɗaya ne: hanyar jirgi tana raye ne muddin mai ita yana da riba a inda ta nufa.

Ma'anar Kalmomi

dogo: ƙarafa biyu da jirgin ƙasa ke tafiya a kansu
tarago (jam'i: taragai): ɗaki ɗaya na jirgin ƙasa, na mutane ko na kaya
kwal: baƙin dutse mai cin wuta da ake haƙowa daga ƙasa
mahaƙa: wurin da ake haƙo ma'adinai ko dutse
haja: kayan sayarwa
falalen dutse: dutse shimfiɗaɗɗe mai faɗi
gwanjo: sayar da kaya ga wanda ya fi kowa tayi
tsige: cire abin da aka kafa
kuza: ma'adinin da ake haƙowa a tsaunukan Jos
gardi: mai wasa da kura ko maciji a bainar jama'a

Nahawu: "an" da "aka"

Idan ba a son ambaton wanda ya yi aiki, ana amfani da "an" ko "aka". Ana sa "an" idan ana faɗin abin da ya auku kawai: An rufe hanyar. Ana sa "aka" a wurare uku. Na ɗaya, idan ana jera aukuwa cikin labari: Aka yi gwanjon hanyar, aka raɗa mata sabon suna. Na biyu, bayan "da" ko "wanda" ko "wadda": tashar da aka gina. Na uku, idan an gabatar da wani yanki na jimla domin a ƙarfafa shi: Da bashi aka gina hanyar. A korewa duka biyun sukan zama "ba a ... ba": Ba a sake haɗa hanyar ba.

Tambayoyi

1. Ta yaya mai tafiya zai gane cewa A&Y Greenway asalinta hanyar jirgi ce?
2. Mece ce manufar kamfanin Cape Fear and Yadkin Valley?
3. Don me rabon da aka yi a 1899 ya kashe wannan manufa?
4. A cikin labarin nan, wa ya zama kura, wa ya zama gardi? Akwai amsa fiye da ɗaya.
5. Wace kama ce ke tsakanin wannan hanya da ta Zariya zuwa Jos?

Aiki

Ku tsamo jimloli biyar masu "aka" daga cikin karatun, ku faɗi dalilin da ya sa ba a yi amfani da "an" ba a kowace. Sannan ku rubuta sakin layi biyu a kan wata tsohuwar hanya ko tasha ko masana'anta da aka daina amfani da ita a garinku.