Kafin A Shigar Da Kai Na'urar Hoton CT

Jama'a da yawa kan tsorata idan likita ya ce a je a yi hoton CT. Wasu ma gani suke ciwo ya kai intaha ke nan. Ba haka ba ne. Na'ura ce mai kama da ƙaton zobe, da gado siriri mai shiga cikinsa. Hasken eksire yana zagaya jiki, kwamfuta kuma ta harhaɗa hotunan sala-sala, kamar yadda ake yanka burodi a duba cikin kowane yanki. Wani injiniya ɗan Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ya ƙera ta, aka fara ɗaukar hoton kan majinyaci da ita a asibitin Atkinson Morley na Landan a 1971. A 1979 aka ba shi kyautar Nobel tare da Allan Cormack.

Amfaninta ya fi fitowa a lokacin gaggawa. Ɗan acaɓa ya faɗi ya bugi kai, ya tashi yana magana garau, bayan sa'o'i ya fara amai da gyangyaɗi: jini ne ke taruwa cikin ƙoƙon kai, kuma hoton zai nuna shi cikin 'yan mintoci. Haka mai shanyewar ɓarin jiki. Sai an tantance ko jijiya ce ta fashe ko gudan jini ne ya toshe ta, don maganin narkar da gudan jini yana iya kashe wanda jijiyarsa ta fashe, kuma galibi cikin sa'o'i huɗu da rabi na farko ake ba da shi.

To, ina haɗarin yake? Yawanci a wajen ruwan allurar da ake sa wa wasu a jijiya don hoto ya fito sarai. Ruwan yana da sinadarin aidin. Da ya shiga za ka ji ɗumi ya ratsa jikinka, bakinka ya yi ɗanɗanon ƙarfe, har ka zaci fitsari ya kuɓuce maka. Kada ka damu, yanzu zai wuce. Amma in ka ji ƙaiƙayi, ko borin jini ya feso, ko maƙogwaro ya fara shaƙewa, ko jiri, ko wajen allurar ya kumbura yana zafi, to yi magana nan take. Ma'aikacin yana kallonka ta gilashi, yana kuma jin muryarka ta lasifika. An ce ka kwanta kada ka motsa, ba a ce ka yi shiru kana wahala ba. Mummunar rikicewar jiki ba ta cika faruwa ba, in kuwa ta faru akwai allurar adirenalin da ake yi a cinya, da iskar numfashi da ƙarin ruwa. Shi ya sa akan bar allurar jijiyar a hannunka, a ce ka ɗan zauna bayan an gama. Kada ka yi gaggawar tafiya don direba na jira.

Kunya kuwa, a nan take yi mana illa. Amarya mai ƙaramin ciki, surukarta na tsaye, an tambaye ta ko tana da juna biyu, sai ta sunkuyar da kai ta ce a'a. Alhali hasken eksire ba a so ya sami ɗan tayi sai da larura. Ya kamata ma'aikata su riƙa yin wannan tambaya a keɓe, ita kuma ta ja nas gefe ta faɗa mata. Mai asma, da mai ciwon ƙoda, da mai ciwon sukari da ke shan metformin, da wanda ruwan allurar hoton ya taɓa rikita shi, duk su faɗa tun ba a tambaye su ba. In majinyaci ba ya cikin hayyacinsa, ɗan rakiya ya zo da kwalayen magungunansa a leda ya nuna wa likita.