Amsoshin Tambayoyinku: Sai Na Iya Komai Kafin In Samu Aiki?

Wani matashi daga unguwar Manfuha a Riyadh ya ce duk tallar aikin gina shafukan intanet da ya gani, ana neman wanda ya iya React, Node.js, rumbun bayanai, tsaro, har da zane. Ta ina zai fara?

To, ɗan'uwa, kada wannan ya sanyaya maka gwiwa. Sau da yawa ƙaramin kamfani ne ke son ɗora wa mutum guda aikin mutum uku a kan albashi ɗaya. Manyan manhajoji irin su Absher da Jahez tawagar ma'aikata ke gina su, kowa da fanninsa.

Kama ɓangare ɗaya ka ƙware. In fuskar shafi ce ke burge ka, riƙe JavaScript da CSS da kyau. A Riyadh akwai abin da zai fito da kai: shafin da zai nuna Larabci daga dama, Turanci daga hagu, ba tare da ya hargitse ba. Ba kowa ya iya wannan ba. In kuwa tsara bayanai ne, sai SQL da Python. Ɗayan ɓangaren, ka san abin da zai sa ka fahimci abokin aikinka ya isa. In wurin koyo kake nema, dandalin Satr na makarantar Tuwaiq yana koyarwa da Larabci, kyauta.