Jinƙan Da Ba Ya Bushewa Kamar Raɓa

Karatu: Hosiya 6:1-6, Matta 9:9-13, Matta 12:1-8.

Darasinmu na wannan wata daga littafin Annabi Hosiya ya ke, wanda waɗansu fassarori su ke kira Yusha'u. Muna roƙon kowa ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta ayoyin nan tukuna, wanda ya iya karatu kuwa ya karanta wa wanda bai iya ba. Mun shirya shi musamman domin masu bi na ƙasar Kafin Hausa da Dutse da ƙauyukan da ke tsakaninsu, amma maganar ta shafi kowace ekklesiya.

1. Zamanin Hosiya

Hosiya ɗan Beyeri ya fara annabci a mulkin Isra'ila ta arewa a zamanin Sarki Yerobowam ɗan Yowash, shekara 700 da ɗoriya kafin haihuwar Yesu. Lokacin nan ƙasar tana da wadata. Akwai hatsi, akwai mai, akwai azurfa. Wuraren sujada kuma ba su rasa mutane ba. Ana zuwa Betel, ana zuwa Gilgal, ana yanka tumaki da shanu, ana kiyaye idodi. Da baƙo zai bi ta can ya ga hayaƙin hadaya yana tashi, da sai ya ce babu masu ibada kamar mutanen nan.

Amma Allah yana duban abin da baƙo ba ya gani. A sura 4 Hosiya ya ce Ubangiji yana da ƙara a kan mutanen ƙasar, gama gaskiya ta ɓace, jinƙai ya ɓace, sanin Allah ma ya ɓace. Sai ƙarya da sata da zina da zub da jini. A sura 12 ya ambaci ɗan kasuwa mai ma'aunin algus. A sura 6 ya zargi firistoci da kisan kai a kan hanyar Shekem. Bayan mutuwar Yerobowam sarakuna 6 suka hau gadon sarauta, aka kashe 4 daga cikinsu. A shekara ta 722 kafin haihuwar Yesu, Assuriyawa suka ci Samariya, suka kwashe mutane zuwa bauta. Yawan bagadai bai cece su ba.

2. Ibada mai kama da raɓa

Sura 6 ta fara da kira mai daɗin ji, kiran komowa wurin Ubangiji domin ya warkar da su. Amma a aya 4 sai mu ka ji Allah yana magana kamar uba wanda ɗansa ya gajiyar da shi. Yana tambayar Ifraimu da Yahuda yadda zai yi da su, gama ƙaunarsu ba ta daɗewa. Ya kwatanta ta da abu biyu, gajimaren safiya da raɓa.

Manomin ƙasar Haɗejiya ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ya san gajimaren bazara wanda ya kan taso da safe, mutum ya ɗauko irinsa da murna, kafin hantsi iska ta watsa shi, ko ɗigo bai sauka ba. Ya kuma san raɓar kaka. Da asuba ta kan jiƙa ƙafar wando sharkaf, amma da rana ta ɗaga sai ganye ya bushe kamar ba a yi ba. Raɓa ruwa ce ta gaske, sai dai ba ta kai wa saiwa.

Haka tuban Isra'ila ya ke. Sa'ad da wahala ta zo, sai su yi kuka, su kawo hadaya, su yi alkawari. Da sauƙi ya samu sai kowa ya koma halinsa na dā. Yesu ya faɗi irin wannan a misalin mai shuka (Markus 4): irin da ya faɗa kan dutse ya tsiro da sauri, amma da rana ta yi zafi ya yanƙwane domin ba shi da saiwa.

A cikin ekklesiya ma a kan ga haka. A kan yi taron falkaswa na kwana 3, mutane su fito gaba da hawaye, majami'a ta cika har waje. Bayan wata ɗaya taron addu'a na tsakiyar mako sai tsofaffi biyu da mai bishara. Wannan shi ne wutar kara, ta kan tashi sama da ƙarfi, amma ba ta dafa tuwo.

3. Abin da Allah ya ke so

A aya 6 Allah ya faɗi abin da ya ke nema. Zuciya mai jinƙai da sanin Allah sun fi masa dabbobin da a ke yankawa a ƙone a kan bagadi. Akwai abin lura a nan. Da harshen Ibrananci, kalmar da ke aya 4, wadda aka ce tana bushewa kamar raɓa, ita ce kuma ke aya 6, wato hesed. Ma'anarta ƙauna mai riƙon alkawari, alherin da mutum ya ke yi wa wani yau da gobe da jibi ba fasawa. Ashe, Allah bai ce ba su taɓa jin tausayi ba. Abin da ya ce shi ne tausayinsu ba ya kwana.

Kada wani ya ɗauka Allah ya ƙi sujada. Shi ne ya umarci hadayu ta bakin Musa. Laifin shi ne mutane sun mai da hadaya abin toshiya, a ba Allah rago domin ya kau da kai daga zaluncin da a ke yi a kasuwa da gona. Mu a yau ba mu yanka dabba domin zunubi, gama Yesu ya miƙa kansa sau ɗaya ya isa. Amma muna da abubuwan da za su iya zama mana kamar ragon nan: zakka, baikon godiya na kaka, kayan Zumuntar Mata, waƙar matasa, ginin majami'a. Dukansu masu kyau ne. Amma mutumin da ya kawo buhun gero gaban ekklesiya, alhali ya hana ɗan ƙodago ladansa, ko yana awo da tiya biyu, ɗaya ta saye ɗaya ta sayarwa, to, maganar Hosiya a kansa ta ke.

4. Yadda Yesu ya yi amfani da ayar

Sau biyu Ubangijinmu ya tuna wa Farisawa wannan aya. Na fari a gidan Matta mai karɓar haraji. Yesu ya zauna cin abinci tare da masu karɓar haraji da mutanen da gari ya ƙi, Farisawa suka yi gunaguni. Ya amsa musu da misalin likita da marasa lafiya, ya kuma aike su su je su koyi ma'anar maganar Hosiya. Mu lura, malamai ne waɗanda suka san ayar da ka, duk da haka ya ce su je su koya.

Na biyu a gonar hatsi ran Asabar. Almajirai suna jin yunwa, suka zagi hatsi suna ci, Farisawa suka ce sun karya doka. Yesu ya ce da sun gane maganar nan da ba su kā da marasa laifi ba. Idonsu yana kan doka, bai ga yunwar mutum ba.

Ibadar da babu jinƙai a cikinta ta kan mai da mutum alƙali. Ya kan zauna yana ƙirga wanda ya makara, da wadda ba ta ɗaura kallabi daidai ba, da wanda aka gani a gidan da bai kamata ba. Bai tambaya ko sun ci abinci ba.

5. Mene ne sanin Allah?

Sanin Allah ya wuce sanin labarinsa. Mutum ya iya sanin sunan sarki da tarihin gidansa, bai taɓa zama gabansa ba. Allah ya koya wa Hosiya wannan ta hanya mai ciwo. Matarsa Gomer ta ci amanarsa, Allah kuwa ya umarce shi ya ci gaba da ƙaunar mace marar aminci, har ya biya kuɗi ya komo da ita (sura 3). A nan annabin ya ɗanɗana yadda zuciyar Allah ta ke game da mutanensa.

Annabi Irmiya ya ba mu ma'auni. A sura 22 ya yi maganar Sarki Yosiya, wanda ya bi wa matalauta da masu bukata hakkinsu, Allah kuwa ya ce wannan shi ne saninsa. Yohanna ma a wasiƙarsa ta fari ya nuna cewa marar ƙauna bai san Allah ba. Don haka ba a raba jinƙai da sanin Allah. Wanda ya san yawan bashin da aka yafe masa, ba ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa saboda ɗan kaɗan. Jinƙanmu ba shi ne ke cetonmu ba. Jinƙan Allah ne ya cece mu (Titus 3:5), namu kuwa 'ya'yan wannan itace ne.

6. A ƙasarmu

Bari mu kawo maganar gida. A daminar 2022 ambaliya ta yi ɓarna ƙwarai a Jihar Jigawa. A ƙaramar hukumar Kafin Hausa gidaje sun rushe, har da na Bulangu, an rasa rayuka, gonaki kuma sun nutse a ƙasar Haɗejiya da Auyo da Ringim. A watan Oktoba na 2024 motar mai ta kama wuta a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, mutum fiye da 150 suka mutu, da yawa kuma suka ƙone.

A makon farko na irin wannan masifa ba a rasa masu tausayi. Ana zuwa jaje, ana kawo tabarma da hatsi, ana addu'a. Madalla da wannan. Amma wanda gonarsa ta nutse a watan Agusta, yunwarsa ta gaske sai bazara, sa'ad da rumbu ya ke wayam, ba iri, hatsi kuma ya yi tsada. Wanda ya ƙone yana bukatar wankin ciwo wata da watanni. Gwauruwa da marayu suna nan bayan an tashi daga zaman makoki. A lokacin ne a ke gane ko jinƙai ruwan sama ne ko raɓa.

Ku tuna da Basamariyen nan na Luka 10. Firist da Balawe, ma'aikatan Haikali, suka ratse suka wuce. Shi kuwa ya ɗaure raunukan, ya kai mutumin masauki, ya kwana yana jinyarsa, ya ba da dinari 2, ya kuma yi alkawarin biyan sauran in ya komo. Jinƙansa ya kai gobe. Bai kuma tambayi kabilar mutumin ko addininsa ba. Masu bi kaɗan ne a ƙasar Kafin Hausa, yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, waɗansunsu ma danginmu ne na jini. Ruwa bai zaɓi gida ba sa'ad da ya zo, kada jinƙanmu ya zaɓa. Kada kuma mu mai da taimako abin ciniki, mu ce sai ka shigo majami'a kāna mu ba ka. Alherin da aka ɗaura wa igiya ya zama tarko.

Muna da gurbi a tarihinmu. Tun daga 1937 ma'aikatan mishan na SIM suka karɓi jinyar masu ciwon kuturta a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, har sunayen Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa suka zama sanannu. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano. Jinyar kuturta a zamanin nan aikin shekaru ne, wanke gyambo kowace safiya, Turawa da 'yan ƙasa tare. Mutane da yawa sun fara jin sunan Yesu daga bakin wanda ke ɗaure musu ƙafa.

Ba kowace ekklesiya za ta gina asibiti ba, amma kowace tana iya yin waɗannan. Dattawa su ware kashi daga baikon kaka, a ajiye shi a rumbu har bazara domin gwauraye da waɗanda suka rasa iri. A rubuta sunayen marasa lafiya da marayu na ƙauye, na ekklesiya da waɗanda ba na ekklesiya ba, a sa wa kowane gida mai ziyara, gama zumunta a ƙafa ta ke. Matasa su yi gayya a gonar wanda ya kwanta ciwo. Wanda ke da gāba da ɗan'uwansa ya je su shirya kafin ya zo Jibin Ubangiji, kamar yadda Yesu ya koyar a Matta 5:23-24.

7. Begenmu

Mai yiwuwa wani ya ce, zuciyata ma raɓa ce, yau zafi gobe sanyi, ina zan sami ƙarfin daurewa? Hosiya bai bar mu ba amsa ba. A 6:3 ya kwatanta zuwan Ubangiji da ketowar alfijir da ruwan sama mai jiƙa ƙasa, abubuwan da ba hannun mutum ke kawo su ba. A sura 14 kuma Allah ya ɗauki kalmar nan ta raɓa ya sa wa kansa. Ya yi alkawari shi ne zai zama raɓar Isra'ila, har su yi saiwa mai zurfi. Raɓarmu ta kan bushe, tasa tana saukowa kowace safiya. Mai zuwa wurinsa kullum cikin Magana da addu'a, shi ne zai sami abin da zai ba maƙwabcinsa har bazara ta wuce.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa Allah bai ji daɗin hadayun Isra'ila ba, alhali shi ya umarce su?
2. Wane bambanci ke tsakanin sanin labarin Allah da sanin Allah?
3. Wane ne a ƙauyenku aka yi wa jaje bara, wanda bana ba mai leƙa shi? Wa zai je wurinsa a makon nan?

Ayar haddacewa: Hosiya 6:6.

Addu'a: Ya Ubanmu na sama, kai da ka ji ƙanmu tun ba mu san ka ba, ka ba mu zuciya irin taka. Ka sa ƙaunarmu ta yi saiwa, domin maƙwabtanmu su ga alherinka ta wurinmu. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.