Street Fighter II: Wane Ɗan Wasa Za Ka Fara Koya Da Shi?

Yau darasinmu kan tsohon gem ɗin faɗa ne, Street Fighter II, wanda kamfanin Capcom na ƙasar Japan ya fitar a 1991 a injinan wasa na tsaye da ake jefa wa kwabo. Na farkon ya fito tun 1987, amma bai ba ka damar zaɓen wanda kake so ba. Na biyun ya zo da mutum 8, kowa da salon faɗansa, kuma a nan yawancin masu koyo ke yin kuskure.

Kuskuren shi ne zaɓen Ryu ko Ken don kawai su ne sanannu. Ƙwallon wutarsu, Hadouken, sai ka zagaya yatsa daga ƙasa zuwa gaba sannan ka danna naushi. A kan sandar injin wannan ba komai ba ne. A kan gilashin waya kuwa, inda yatsa ke zamewa, sau da yawa za ka ga Ryu ya yi tsalle ko ya kai naushin banza, abokin karawarka ya gama da kai.

Shawarata ka fara da Guile, sojan saman Amurka. Shi ba ya buƙatar zagaye. Ka riƙe baya kamar daƙiƙa 2, sai ka danna gaba da naushi, Sonic Boom ya fita. Ka riƙe ƙasa, sai ka danna sama da shuri, ya tare wanda ya yi tsalle a kanka. Ga sirrin: a wannan gem riƙe baya shi ne kare kai. Ke nan lokacin da kake tara ƙarfin duka, kana kuma tare duka. Ka durƙusa kana riƙe ƙasa da baya a tare, dukan biyu suna nan a shirye. Abin ban haushi ne ga wanda kake karawa da shi, na sani.

Idan ko wannan ya yi maka wuya, akwai masu buƙatar maimaita maɓalli ɗaya da sauri: Chun-Li 'yar ƙasar Sin da shurinta, E. Honda ɗan kokawar sumo da marinsa, sai Blanka na Brazil mai sakin lantarki. Dhalsim na Indiya hannayensa da ƙafafunsa na miƙewa har nesa, sai dai a hankali yake motsi. Zangief na Tarayyar Sobiyet kuwa ka bar shi tukuna, babbar kayarwarsa sai ka juya yatsa cikakken zagaye.

Bayan waɗannan akwai manya 4 da ke jiranka a ƙarshe: Balrog, Vega, Sagat da M. Bison. Ba a iya zaɓensu sai a Champion Edition na 1992. A Japan sunan ɗan damben M. Bison ne, amma saboda kamarsa da Mike Tyson aka yi musanyar sunayen uku daga cikinsu a bugun ƙasashen waje.

Maɓallan duka 6 ne, naushi uku da shuri uku, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi. Mai nauyi in ya kuskure yakan bar ka a buɗe, don haka a kusa ka fi amfani da mai sauƙi. In kana da abin riƙewa na Bluetooth, ka haɗa shi da wayarka, sannan ka koma ka gwada Hadouken ɗin.