Masakwa, Dawar Bakin Tafkin Chadi

Tafkin Chadi ya janye ƙwarai bayan farin 1973 da na 1984. Amma a kudancinsa, wajen Dikwa da Marte, akwai baƙar ƙasa mai danƙo da ake kira firki, wadda ba ta saurin sakin ruwa. Nan ake noman masakwa.

Cikin damina manomi ya yafa iri, ya yi kunya kewaye da gona don ta tare ruwa. In ruwa ya tsotse, wajen Oktoba, sai ya huda rami da sanda, ya zuba ruwa kaɗan, ya dasa. Wanda ya makara, ƙasa ta tsage, ya yi hasarar dashensa. Wajen Fabrairu ake girbi, a ci tuwonta da miyar kuka da bandar kifin Baga.