Tsara Aikin Buɗe Shafin Intanet don Ƙaramar Sana'ar Amfanin Gona

Gabatarwa

A Laranto da kewayenta cikin birnin Jos, daga kasuwar hatsi ta Katako zuwa ta kayan lambu a Farin Gada, akwai ƙananan 'yan kasuwa da ƙungiyoyin manoma da ke ciniki da masu saye na nesa, irin na Kano da Legas da Fatakwal. Waɗannan masu saye ba sa ganin kaya sai mota ta sauke. Shafin intanet zai iya zame wa irin wannan sana'a rumfa ta biyu, wadda ba a rufewa da dare. Sai dai kada ka ɗauka aikin na mai kwamfuta ne shi kaɗai. Shi magini ne kawai. Kai ne mai gida, kai za ka faɗi inda ƙofa za ta duba.

Lokacin Fara Aiki

Ka ɗora aikin a kan kalandar gona. Dankalin Turawa na damina, wanda ake nomawa a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, ana shuka shi ne tsakanin Afrilu da Mayu, a tone shi wajen Yuli zuwa Agusta. Idan shi kake sayarwa, fara maganar shafi lokacin shuka. Wata ukun da dankali zai yi a ƙasa ya isa a gina shafi, a gwada shi, a gyara. Wanda ya bari sai kaya sun cika kasuwa ba zai samu sukunin zama da magini ba.

Kafin ka nemi magini, rubuta a takarda abin da mai saye ke tambayarka kullum ta waya: irin kaya, girman buhu, farashi, wurin lodi, da yadda ake biya. Wannan takarda ita ce tsarin shafinka. Shafi huɗu ko biyar sun wadatar. Hotuna su zama na kayanka ne, ba waɗanda aka tsinto a intanet ba, kuma a rage nauyinsu, domin yawancin masu saye da wayar hannu za su duba.

Mallakar Suna

A nan ne aka fi yin asara, don haka a lura sosai. Kowane shafi yana da suna, wato adireshinsa, kuma hayarsa ake yi ba saye ba. Ana sabunta shi duk shekara. Sunayen da ke ƙarewa da .ng ko .com.ng suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ana kuma yin rajistarsu ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Ka tabbatar an yi rajistar da sunanka ko na ƙungiyarku, da lambar wayarka da imel ɗinka, ba na magini ba. In ba haka ba, ranar da kuka saɓa ko ya bar gari, shafin ya tafi da shi, alhali ka riga ka buga adireshin a buhuna da rasiɗai. Haka ma ma'ajiyar da shafin ke zaune a kai: haya ce, kuma kalmomin sirrinta su kasance a hannunka. Yana da kyau sunan ya dace da wanda ka yi rajista da shi a hukumar CAC, domin mai turo kuɗi daga nesa yakan bincika.

Yarjejeniya da Biyan Kuɗi

A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a ambaci yawan shafuka, ranar gamawa, da sau nawa za a yi gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba. Raba biya kashi uku: kafin alƙalami, sai bayan ka ga samfuri, na ƙarshe kuma bayan an miƙa maka kalmomin sirri.

Kula da Shafi

Farashin kayan gwari yakan canza tsakanin safe da yamma. Shafin da ke nuna farashin bara ya fi rashin shafi illa, don yakan sa a ɗauke ka maƙaryaci. A naɗa mutum guda, ko da sakataren ƙungiya ne, magini ya koya masa sauya farashi da hoto kafin a sallame shi. Idan babu mai wannan aiki, a cire farashi gaba ɗaya a sa lambar WhatsApp.

Malaman gona su taimaka wa ƙungiyoyi su rubuta ranar sabunta suna a littafin taro, su kuma ware kuɗinsa daga cinikin kaka.