Bindigar Farauta Mai Mariƙi: Abin Da Ya Wajaba Mai Saye Ya Sani

 Dalilin rubuta wannan takarda shi ne, a 'yan shekarun nan 'ya'yanmu da ƙannenmu waɗanda neman ilmi ko neman abinci ya kai su Amurka da Ostareliya sun yawaita, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka tashi a gidajen mafarauta, akwai kuma waɗanda kallon fim ya ja hankalinsu, har suka fara tunanin mallakar irin bindigar nan ta farauta wadda ake ɗana ta da wani mariƙi na ƙarfe da ke ƙarƙashin kunama. To, tun da yake mai sayen doki ba ya ƙirga kuɗi sai ya buɗe bakin dokin ya dubi haƙora, ya kuma tambayi halinsa wajen dillali, lalle wanda zai shigar da abin ɗauke rai cikin gidansa shi ya fi cancanta da ya tsananta bincike.

Mu fara da siffarta, domin kada mu yi ta magana a kan abin da mai karatu bai fahimta ba. Ita wannan bindiga dangin mai baki biyu ce da muka sani a hannun mafarautanmu, watau cikin bututunta sumul yake, kuma harsashinta ba ƙwaya ɗaya yake ɗauke da ita ba, tarin 'yan ƙwayoyin dalma ne waɗanda ke bazuwa in sun fita, shi ya sa ake harbin zabi da agwagin ruwa da zomo da ita. Inda ta saɓa wa mai baki biyu shi ne, a ƙarƙashin bututun harbi akwai wani bututu na biyu wanda ake jera harsasai a cikinsa, kamar biyar, ɗaya na bin ɗaya. Idan maharbi ya yi harbi, sai ya tura mariƙin nan ƙasa da bayan yatsunsa, kwanson da aka harba ya yi tsalle ya fice, ya jawo shi sama, sabon harsashi ya hau mazauninsa, bindiga ta ɗanu. Makanikai za su ce wa wannan mariƙi liba, amma mu bar shi a mariƙi.

Asalinta kuwa Amurka ne, kuma tarihinta yana da ban dariya kaɗan. Akwai wani maƙerin bindigogi mai suna John Moses Browning, haifaffen garin Ogden ta jihar Utah a 1855, wanda ya gāji sana'ar daga mahaifinsa, kuma tun 1883 yake sayar wa kamfanin Winchester na birnin New Haven dabarun ƙirarsa. Da kamfanin ya nemi ya ƙago masa bindigar tsuntsaye mai harbi a jere, sai Browning ya ba da shawara a yi ta da hannun da ake ja baya a tura gaba, domin a ganinsa wannan ya fi dacewa da harsashi mai kauri. Amma shugabannin kamfanin suka ƙi, suka ce su da mariƙi duniya ta san su, saboda haka da mariƙi za a yi. Ya yi musu yadda suke so, aka fitar da ita a 1887, kuma da wannan shekara ake kiranta har yau. An ƙera fiye da dubu 60 kafin a maye gurbinta da ta 1901, wadda aka ƙara wa ƙarfi, ita ma daga baya aka daina yinta. Ita kuwa mai hannun ja da turawa, wadda maƙerin ya fi so tun farko, da aka ba shi dama ya yi ta, samfurinta na 1897 ya wuce miliyan ɗaya kafin a daina ƙera shi a 1957. Ashe dai gwani ya san abin da ya faɗa.

Abin da ya farfaɗo da sunanta bayan an kusa mantawa da ita shi ne fim ɗin Terminator 2 na 1991, inda aka nuna Arnold Schwarzenegger bisa babur yana juya ta da hannu ɗaya tana ɗanuwa. Daga nan masana'antu a Sin da Italiya, irin su Chiappa, suka shiga kwaikwayon tsohuwar ƙirar, Turkiyya ta fito da nata, kamfanin Henry na Amurka kuma yana yin ƙarama mai siririn harsashi. Ya kamata saurayi ya sani cewa ta cikin fim ɗin an faɗaɗa zoben mariƙinta musamman domin wasan, an kuma datse mata baki da gindi. Wanda ya gwada haka da tasa, in ya yi sa'a yatsunsa kaɗai zai karya, domin a tsakiyar juyin nan bakin bindiga yana bi ta kan jikinsa da na duk wanda ke tsaye a bayansa. A ra'ayina, mafi yawan masu sayenta a yau shauƙin ƙira da tarihi ke jansu, kuma babu aibi a cikin wannan, muddin mutum bai ruɗi kansa ya ce ita ce mafi sauƙi ga ɗan koyo ba. Mai baki ɗaya ko biyu, wadda ake karyawa a tsakiya a leƙa ciki da ido, ta fi ta sauƙin koyo nesa ba kusa ba.

Idan mutum ya ƙudura niyya duk da haka, mas'ala ta farko da zai warware ita ce tsohuwa zai saya ko sabuwa. Ta asali ta 1887 an yi ta ne a zamanin baƙin albarushi, irin wanda ake ɗura wa bindigar toka, alhali harsashin da ake sayarwa a kanti yanzu albarushinsa marar hayaƙi ne, wanda ƙarfin matsinsa ya ɗara na dā. Bugu da ƙari, mazaunin harsashin tsohuwar ya gaza na yau tsawo, domin inci biyu da biyar bisa takwas ne a mai geji 12, harsashin yau kuwa mafi yawa inci biyu da uku bisa huɗu ne ko fiye. Harsashin zai shiga lafiya lau, wannan shi ne makircin abin, sai an harba bakin kwanso ya rasa wurin buɗewa, ƙarfen da ya haura shekara ɗari ya ɗauki nauyin da ba a yi shi dominsa ba. Saboda haka tsohuwa ba ta harbuwa sai maƙerin bindigogi masani ya auna ta ya faɗi irin harsashin da ya halatta gare ta. Sabuwa kuwa an buga ma'auninta a jikin bututu, kuma wajibi ne a karanta shi a gwama da abin da ke rubuce a kwalin harsashi kowane saye.

Wannan geji da muka ambata yana rikita mutane, domin lissafinsa a juye yake. Ma'anarsa ita ce, in aka narka laba ɗaya ta dalma aka raba ta dunƙule-dunƙule daidai faɗin bututun, guda nawa za a samu. Saboda haka geji 12, wanda faɗinsa ya kai kimanin milimita 18 da rabi, ya fi geji 20 girma, geji 10 kuma ya fi su duka. Haɗarin da ke nan sananne ne ga masu harbi: harsashin geji 20 in ya faɗa cikin bindiga mai geji 12, zamewa yake yi ya maƙale a cikin bututu inda ido ba ya gani, mai ita ya zaci bai ɗura ba, ya sa na 12 a bayansa ya harba, bututu ya tsage a tsakanin hannuwansa. Kada a haɗa iri biyu a aljihu ɗaya.

Yanzu mu zo ga wurin da na fi so mai karatu ya dakata ya yi nazari. Shi mariƙin nan ba ya son sanyin hannu; sai an kai shi ƙarshe da ƙarfi an komo da shi da ƙarfi, in ba haka ba harsashi ya gicce, kuma a lokacin da sabon shiga ke kokawar fitar da shi ne yakan manta inda bakin bindigarsa ke kallo. Wanda ya fi wannan muni shi ne wajen sauke ɗuri, domin ita mai baki biyu da ka karya ta ka ga ramukanta biyu, ka zare abin da ke ciki, magana ta ƙare. Amma wannan tana da ɗaki na ɓoye, watau bututun nan na ƙasa, kuma a yawancin ire-irenta ba a fitar da harsasan da ke ciki sai an yi ta motsa mariƙi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, bindiga kuwa tana ɗanuwa a kowane motsi, yatsa kuma yana dab da kunama. Mutum ya ƙirga huɗu ya zaci biyar ne, ko datti ya riƙe na ƙarshe, ya dawo gida ya jingine ta a zaure yana rantsuwa babu kome a ciki. Ladabin abin shi ne a fuskantar da bakinta ƙasa inda babu kowa, a janye yatsa daga kunama, a motsa mariƙi har sau biyu ko uku bayan na ƙarshe ya fita, sa'an nan a leƙa mazauni da bakin bututun ƙasa, a kuma sa yatsa a taɓa.

Mutanenmu sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma gaskiya ne babu mai tsere wa ƙaddara, sai dai sau da yawa akan fake da wannan magana a lulluɓe sakaci. Shari'a ba ta bar mu a nan ba. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, saboda bai san ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba, kuma ya umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani. In kibiya, wadda sai an ɗora ta a baka an ja tsirkiya, an yi mata wannan hattara, ina ga abin da ɗan yatsan yaro ke iya tayarwa? Kuma aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora wa mai kisan kuskure diyya da kaffara, wadda ga wanda bai sami abin 'yantawa ba azumin wata biyu ne a jere. Da kuskure yana wanke mutum sarai, da ba a ɗora masa kome ba.

Sai hukuncin ƙasa, wanda ya sha bamban daga wuri zuwa wuri. A Amurka, dokar tarayya ta 1968 ta hana dillali mai lasisi ya sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba irin wannan bindiga. Mai saye yana cika takardar da ake kira 4473, kuma tun 1998 ana binciken tarihinsa a rumbun bayanan hukuma kafin a miƙa masa, dokar 1934 kuma ta sa tsauraran sharuɗɗa a kan duk wadda bututunta ya gaza inci 18. Jihohi suna da nasu ƙari, kuma baƙon da ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara asalin hukuncinsa hani ne, sai in ya cika wasu sharuɗɗa na togaciya, saboda haka ɗalibi kada ya dubi abin da abokinsa ɗan ƙasa ya yi ya ce shi ma haka.

A Ostareliya kuwa wannan bindiga ta taɓa zama abin muhawara a majalisa. Bayan kisan mutum 35 a Port Arthur ta tsibirin Tasmaniya a 1996, gwamnatin John Howard da jihohi suka yi yarjejeniyar da ta ƙuntata mallakar bindigar tsuntsaye mai hannun ja da turawa da mai ɗana kanta, suka shar'anta lasisi, da dalili karɓaɓɓe wanda kare kai ba ya cikinsa, da jiran kwana 28. Amma mai mariƙi, da yake a lokacin kusan kayan tarihi ce, sai aka bar ta a rukunin lasisi mafi sauƙi. Da 'yan kasuwa suka lura da wannan ƙofa, suka yi shirin shigo da wata 'yar Turkiyya mai suna Adler A110 mai cin harsashi bakwai, sai gwamnati ta dakatar da shigo da ita a 2015, kuma a ƙarshen 2016 shugabannin jihohi da na tarayya suka amince a ɗaga mai cin biyar zuwa rukuni na biyu, wadda ta haura biyar kuwa a kai ta rukunin da ɗan farauta ba ya samu.

Wanda ke tunanin ya sayo ta can ya komo da ita Nijeriya, to, ya karanta dokar makamai ta 1959 tukuna. Ta kasa bindigogi kashi uku: irin su bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, waɗanda sha'aninsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, da bindigogin amfanin kai, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar, da waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar tsuntsaye tana kashi na biyu, amma dokar ta togace mai ɗana kanta da duk wadda ke da wata na'urar sake ɗuri, kuma mariƙin nan da muke ta bayani na'urar sake ɗuri ce. Watau abin da ya sa ake sha'awarta shi ne ya fitar da ita daga sahun mai baki biyu. Dokar ta kuma hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka gabata.

Inda doka ta yarje kuma mutum ya saya, ajiya ita ce aikin kullum. A sauke ɗuri, a kulle ta a akwatin ƙarfe, harsasai a wani wuri dabam da nasu makulli, mabuɗi kuma kada ya kwana ƙarƙashin matashi ko bisa ƙofa, domin babu maɓoyar da yaran gida ba su sani ba. A goge bututu a shafa mai kaɗan bayan kowace fita, musamman da damina. Kuma maigida ya sanar da babban ɗansa ko wani amintacce tun yana da rai cewa lasisi da sunan mutum ɗaya ake yinsa, ba ya bin gado kamar riga da gona. Ranar da ta Allah ta kasance, hukuma za a fara sanarwa, a ji abin da ta ce a yi da bindigar, kafin a zauna rabon tarika.